Shin tsarin IPPIS ya magance matsalar ma'aikatan bogi?

Sabon Ma'aikaci: Assalamu alaikum. Tun shekarar 2007 gwamnatin tarayyar Najeriya ta fara biyan albashi ta tsarin IPPIS, wanda ke adana bayanan ma'aikata a kwamfuta. Shin ya kawar da ma'aikatan bogi, ko kuwa salo kawai ɓarnar ta sauya?

Tsohon Akanta: Wa alaikumus salam, ɗana. Ya rage ɓarnar ƙwarai, domin albashi yana shiga asusun mai shi kai tsaye, kuma tun da aka fara tantance ma'aikata da lambar banki ta BVN, da wuya mutum ɗaya ya karɓi albashin sunaye barkatai kamar lokacin da ake biya a hannu. Sai dai har yanzu jami'i ne ke shigar da sunayen, shi ma yana buƙatar mai sa masa ido.

Malamar Jami'a: Alhaji, ba a ko'ina tsarin ya dace ba. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ƙi shi, tana cewa bai yi la'akari da malamai masu zuwa koyarwa na ɗan lokaci daga wata jami'a da masu hutun bincike ba, har ta gabatar da nata mai suna UTAS. A watan Disamban 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga cikin IPPIS.