Likita ya ce a zuƙe wa Baba ruwa a ƙirji, Baffa ya ce kada a taɓa shi

Ɗan Autan Hajiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma gobe da safe ake son amsa. Mahaifina ya haura sittin, ya fi wata yana tari da zazzaɓin yamma, ya rame, yanzu ko alwala ya yi sai ya zauna yana haki. An yi hoton ƙirji, likita ya ce ruwa ya taru a ɓangaren dama, za su shiga da allura ta baya su zuƙe, su kai ɗakin gwaji. Sun kuma ba mu 'yar roba ya tofa kaki don gwajin tarin fuka. Baffa ya kafe, wai ba a huda huhu a kwana lafiya, mu mayar da shi gida. Tambayata: in sa hannu a yi gobe, ko mu jira sakamakon kakin? Kuma nawa ake biya?

Alhaji Na Sabon Gari:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. A haɗa masa zuma da man habbatus sauda safe da dare, kuma ya bar ruwan sanyi da fanka.

Maman Ihsan:
Ƙanina, da na karanta saƙonka sai da na ajiye wayar. Haka Yayana ya fara. Tari, gumin dare har sai an canza zanin gado, wando yana zamewa. Wani mai kemis a unguwarmu ya ce taifot ne, ya yi masa allurai. Bai warke ba, ya ce nimoniya ce, ya sake wasu. Daga nan aka koma hayaƙi da jiƙe-jiƙe, wanzami ya yi masa ƙaho a baya har fatar ta yi taruwar jini. Kowa ya zo dubiya da nasa maganin, ba wanda ya ce a gwada kaki. Ranar da muka kai shi asibiti ba ya iya kwanciya, a zaune yake kwana. Ruwan ya riga ya zama mugunya, allura ba ta iya janyo shi, sai da suka saka masa roba ta tsakanin haƙarƙari, da kwalba a ƙarƙashin gado. Ban manta abin da na ga yana sauka a kwalbar nan ba. Bai tashi ba. Ya bar 'ya'ya huɗu, ƙaramar ma daga baya aka gano ta ɗauki cutar.

Abban Sadik:
Allah ya jiƙansa. To ka ji, Ɗan Auta. An saka roba, mutum ya tafi. Baffanka ba yaro ba ne.

Maman Ihsan:
Malam, ba abin da na faɗa ke nan ba! Jinkiri ne ya ci Yayana. Irin maganarka Innarmu take yi har yau, kuma tana ƙona min rai.

Sista Mai Farin Kaya:
Ma'aikaciyar jinya ce ni, bari in warware abu ɗaya. Ba huhun ake hudawa ba. Iska tana bi ta maƙogwaro, bututun ya rabu biyu, reshe ɗaya dama ɗaya hagu, su yi ta rassa har su ƙare a 'yan mitsi-mitsin jakunkuna inda iskar oksijin ke shiga jini. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu saboda zuciya ta ci wuri. Kowannensu yana lulluɓe da tantani ninki biyu, ɗaya a jikin huhun, ɗaya a manne da haƙarƙari. A tsakaninsu ruwan Baba yake, yana matse huhun ya hana shi buɗewa, shi ya sa haki. Ana yin allurar kashe zafi, yana zaune ya sunkuya gaba, a shiga ta tsakanin haƙarƙari. Akwai haɗarin iska ta shiga wurin ko ɗan zubar jini, shi ya sa ba a kwashe fiye da kamar lita ɗaya da rabi a zama ɗaya, kuma in akwai sikanin ana fara dubawa. Ka sani kuma, tarin fukan da ya kama tantanin nan sau da yawa kaki ba ya nuna shi. Ciwon zuciya, ƙoda, hanta ko daji ma suna tara ruwa. Gwajin ruwan ne ke bambancewa.

Ɗan Mahauta:
Sista ta yi gaskiya. Duk wanda ya feɗe sa ya san tantanin nan, sulɓi gare shi, yana kwance a cikin haƙarƙari. In dabbar ta yi ciwon huhu za ka tarar huhun ya manne da shi, sai an sa wuƙa.

Kwamanda 02:
Sarkin Fawa ya buɗe asibiti kenan. Nawa ne katin ganin likita, ko da balangu ake biya?

Abban Sadik:
Sista, da girmamawa, ke ba likita ba ce. Kuma a waya kowa ma sai ya ce shi ma'aikacin lafiya ne.

Sista Mai Farin Kaya:
Ban ce ya bi maganata ba, Abban Sadik. Likitan da ya ga hoton, ya sa abin sauraro a ƙirjin Baba, shi ya ce a yi. Ni bayani kawai na ƙara.

Malama Hauwa Gusau:
An yi wa mijina bara a asibitin gwamnati. Kayan aiki da gwaji duka ba mu kashe fiye da dubu 18 ba. Yana tashi ya ce kamar an sauke masa buhu. Tarin fuka ne, ya sha magani wata 6 kyauta: kala huɗu a wata biyun farko, kala biyu a sauran. Kada ku tsorata in fitsarinsa ya koma ja, maganin ne.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Dubu 18 a ina? Mu dubu 65 muka biya a na kuɗi, hoto kaɗai dubu 12.

Malama Hauwa Gusau:
Hoto dubu 5 muka yi.

Abu Fatima:
Wai kyauta. Gwajin kaki da na'urar GeneXpert kyauta ne a takarda, na yarda, magani ma ba su karɓi ko sisi ba. Amma kati fa? Gwajin jini? Kuɗin mota duk ranar karɓar magani? Mu daga ƙauye har asibitin tarin fuka na Saye a Zariya muke zuwa.

Maman Ihsan:
Ko nawa ne ku biya. Abin da muka zubar wa mai kemis ya ninka duk kuɗin da kuke lissafawa. Kuma a gwada duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da Baba, musamman yara. Tarin da ya kai mako biyu ba na jira ba ne. Da wani ya gaya mana haka.

Ɗan Autan Hajiya:
Na gode duka. Baffa ya zo asibitin yanzu, na karanta masa bayanin Sista, ya ce sai ya ji daga bakin likitan da Hausa. An saka wa Baba oksijin tun magariba. Har yanzu ba wanda ya ce min in jira kakin ko a'a.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Oksijin? To ka shirya aljihu. Mu da awa aka riƙa lissafa mana, tukunyar oksijin ɗaya ba ta kai mu asuba ba.

Abu Fatima:
Ku naku ma akwai tukunyar. Inda aka kwantar da tsohuwata na'ura ce mai aiki da wuta. Aka ɗauke wuta cikin dare, janareta ba mai, mu muka yi karo-karo da 'yan uwan sauran majinyata aka sayo.

Kwamanda 02:
Wannan ba wasa, mu ma ya faru da mu. Tukunyar muka ɗauko a Keke Napep daga wani gari cikin dare, sai kuma aka ce kan da ake ɗaurawa ba ya nan, wani ɗaki ya ara.

Malama Hauwa Gusau:
Wa ya san inda ake cika tukunya da sauƙi a Kano? Maƙwabciyata mai asma take nema.