'Yan damfara sun cika mana zauren WhatsApp, yaya zan riƙa tace masu shiga?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin masu kula da zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Tun da wani ya jefa mahaɗin shiga a Facebook abu ya lalace. Kullum sai an wayi gari da baƙin lambobi, wasu ma na ƙasashen waje, ana turo tallan magani, tallafin bogi, da masu roƙon a karanto musu lambobi 6 ɗin nan da WhatsApp ke turowa. Wani dattijonmu ya karanta musu, suka ƙwace asusunsa suka shiga neman bashi da sunansa.

Na soke tsohon mahaɗin, na kunna tsarin da sai mai kula ya amince kafin mutum ya shigo. To a nan na maƙale. Abin da nake gani lamba ce kawai, wani lokaci da laƙabi irin su "Ɗan Baiwa", ina zan gane ɗan ajinmu daga ɓarawo? In na ƙi karɓa, sai a kira ni ana cewa na raina manya. Na taɓa rufe zauren sai masu kula kaɗai ke rubutu, aka ce na hana mutane ko ta'aziyya.

Ku da ke riƙe da manyan zauruka, wace hanya kuke bi? Kuna sa tsohon memba ya tsaya wa sabo ne, ko kuna kiran mutum a waya tukuna? Kuma waɗanda suka riga suka shige suka yi lamo, yaya zan zaƙulo su ba tare da na kori na gida ba? Allah Ya saka da alheri.