Bugun launi ba tare da siffa ba: ya zan koyar da shi a ƙauye?

MalaminZane: Assalamu alaikum. Ina koyar da zane a wata ƙaramar sakandare a yankin Kura. Iyaye da yawa ba sa son a zana mutum ko dabba, shi ya sa nake so mu gwada irin aikin masu zanen Amurka na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda launi kaɗai ke ɗauke da saƙo. Ba mu da injin bugawa. Kuma yara kullum tambayarsu ɗaya: "Malam, me aka zana?"

Zariya_Fenti: Wa alaikumus salam, Malam. Injin ba dole ba ne. Samu gilashi, a shafa fenti a kai, a ɗora takarda, a goga bayanta da cokali, a ɗaga. Bugu ɗaya ake samu, ba ya maimaituwa, kuma daɗinsa ke nan. Mai zanen Amurka Jackson Pollock ma ya taɓa koyon bugu a Atelier 17, ɗakin bugun zane na Stanley Hayter a New York, wajen 1944. Amma wadda zan so ka nuna musu ita ce Helen Frankenthaler, ita ma mai zanen Amurka. Da katako ta riƙa bugu, tana barin jijiyar icen ta fito ta cikin launin. Wani aikinta na shekarar 2000 ya ci launi 102 daga katako 46, amma in ka kalle shi sai ka rantse ruwa ne ya malala. Ni dai na fi ganin ƙarfinta a kan na Pollock, ko da za a yi mini ca.

Baba Marini: Ɗana, kana Kura kana neman launi a Amurka? Shuni na nan, karan dafi na ba da ja, gangamau rawaya. Ka dama da ƙaro kamar yadda ake haɗa tawada, zai kama takarda. Zoɓo kam kar ka yarda da shi, ba ya daɗewa yake dushewa.

Uwar Sadiya: Malam, tambayar yaran fa? Ka kai musu allon zayyana ka tambaye su me aka zana a jiki. Ba mutum ba tsuntsu, amma kowa na sha'awa.

MalaminZane: Allah Ya saka. Baba, shunin a kan takarda ba zai yi baƙi-ƙirin ba?

Baba Marini: Sirka shi da ruwa, ka buga sau biyu ko uku, kana bari ya bushe tsakani. Takarda mai kauri za ka nema, ta littafin rubutu yagewa take yi.