miR-122 a jinin masu ciwon hanta: me ke sa sakamakon qPCR yin tsalle?

Ɗalibin_Lab: Assalamu alaikum malamai. Muna auna miR-122, wani ƙaramin RNA (microRNA) na hanta, a ruwan jinin masu hepatitis B da qPCR, gwajin da ke auna yawan RNA, muna daidaita shi da miR-16, wani microRNA da muke ɗauka a matsayin ma'auni, amma samfuri biyu na mutum ɗaya sai su saɓa. Kuma an ce yana raguwa a kansar hanta, to me ya sa yake hawa a jini?

Dakta_Hanta: Wa alaikumus salam. Tsokar hanta daban, jini daban. miR-122 shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na microRNA ɗin hanta. Idan ƙwayoyin hanta suka fashe sai ya zubo cikin jini, shi ya sa a gubar paracetamol yake riga ALT, sinadarin da ake aunawa a gwajin hanta, tashi. A cikin tsokar da kansa ta kama kuwa raguwa yake, kuma ɓerayen da aka cire wa shi sun kamu da kansar hanta. Hepatitis C ma da shi take rayuwa: yana manne wa wurare biyu a farkon RNA ɗinta, ya kare ta daga lalacewa.

Hajiya_PCR: Ɗana, matsalarka miR-16 ce. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da shi, da miR-451a. Kaɗan suka fashe wajen ɗiba, ko samfurin ya daɗe a kan benci, sai miR-16 ya hau, miR-122 ya yi kamar ya sauka alhali bai motsa ba. Ido ba ya ganin ƙaramar fashewa. Don gano ta, ka auna samfurin a tsawon haske 414 nm, ko ka cire Cq (lambar zagayen da qPCR ke gano abu a kai) na miR-451a daga na miR-23a. In bambancin ya wuce 7, ajiye samfurin gefe. A kula musamman da masu sikila da masu maleriya, don jininsu na fashewa tun a jiki.

Wajen juya jinin a injin centrifuge a yi sau biyu: 1,900 g minti 10, a kwashe na sama ba tare da taɓa farin layin da ke kan jajayen ƙwayoyin ba, sannan 16,000 g minti 10. A zuba cel-miR-39, microRNA na tsutsa da ake ƙarawa a matsayin ma'auni, bayan an sa ruwan narkarwa, ba kafinsa ba, in ba haka ba RNase, sinadarin da ke lalata RNA, ta cinye shi.

Malam_Sani_Bio: Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya: wace kwalba kuke ɗiba da ita? In mai koren murfi ce, heparin ɗin da ke cikinta don hana jini daskarewa na hana PCR aiki, ku koma kwalba mai EDTA. U6 kuma, wani ƙaramin RNA da ake daidaitawa da shi, kada ku nufe shi, ba ya da tabbas a ruwan jini.