Ƙusa ta ɓata min katakon oak

Ɗan Birmingham: Jama'a, na kafa kanta a kicin da katakon oak, bayan wata 2 sai baƙin tabo ya kewaye kowace ƙusa. Uwargida har ta fara tsiya. Me ya jawo?

Tsohon kafinta: Ɗana, oak na da tanin, sinadarin da ke cikin bagaruwa. In ya haɗu da baƙin ƙarfe da danshi, baƙi yake yi, kamar yadda dukawa ke rina fata. Cire ƙusoshin, sa sukurun ƙarfe marar tsatsa ko na tagulla.

Maƙwabci: Tagulla na da laushi fa, Baba, ni guda 3 suka karye min. Malam, fara huda rami tukuna.

Tsohon kafinta: Gaskiyarka. Tabon kuma oksalik asid na fitar da shi, amma sa safar hannu.