Zan tafi Gambiya koyarwa a makarantar Katolika na shekara ɗaya: me zan shirya?

Malamar Lissafi:
Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwa. Na gama bautar ƙasa, ina da digirin koyar da lissafi. Wata Sista ta ce wata makarantar mishan a Gambiya na neman malamin sa-kai na shekara ɗaya, wanda zai kuma taimaka da katikizim da ƙungiyar matasa. Ba albashi, sai ɗaki da ɗan kuɗin kashewa. Waɗanne takardu zan haɗa, kuma me ya kamata in tambaya kafin in amsa?

Baba Hedimasta:
'Yata, fara da tabbatar da gayyatar. Gambiya duka dayosis ɗaya ce, ta Banjul, ƙarƙashin Bishop Gabriel Mendy tun 2018, don haka binciken ba shi da wuya. Ki kai maganar wa Fadan cocinku, shi ya kai ofishin bishop ɗinku, su rubuta wa ofishin bishop na can. Duk wanda ya ce ki tura kuɗin rajista a asusunsa na kansa, ki rabu da shi.

Takardu kuwa: fasfo mai sauran wa'adi fiye da shekarar da za ki yi, katin rigakafin shawara, wanda ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allurar, takardar shaidar hali daga 'yan sanda, shaidar TRCN (hukumar rajistar malamai ta Najeriya), da digirinki, wanda za ki kai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga hatimi. A wannan jerin ake bi, kada ki fara da ta biyun. Ki ware wata biyu zuwa uku, domin zangon farko a can Satumba yake farawa.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne biza. Gaskiya ne ɗan ECOWAS yana shiga ba biza, amma na ziyara ne, iyakarsa kwana 90, kuma abin da jami'i ya rubuta a kan hatimi shi ne hukunci, ki karanta shi tun kina filin jirgi. Mai zama shekara yana aiki sai da izinin zama, ko da ba a biyansa ko kwabo. A rubuta wanda zai nema, da wanda zai biya, da wanda zai sabunta.

Katikis daga Zonkwa:
Malama, bari in taɓa ɓangaren coci, don nan ne ake yawan samun saɓani. Wasiƙar Fadanku ba ta ba ki ikon koyar da addini a wata dayosis. Dokar coci, sashe na 805, ta ce bishop na wurin ne ke naɗa malaman addini ko ya amince da su. Haka ma in an ba ki izinin raba Jibi Mai Tsarki a gida, kada ki ɗauka ya bi ki can, sai an sake ba ki. Wa'azi bayan Bishara a lokacin Mas na Fada ne ko dikin, sashe na 767, kada ki yi shi ko da yara sun roƙe ki. Ki tafi da katin baftisma mai ɗauke da ranar ƙarfafawarki.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan Gambiya Musulmi ne, kuma iyaye Musulmi da yawa suna kai 'ya'yansu makarantun mishan irin su St Augustine's da St Joseph's a Banjul saboda ingancin karatu. To ajin lissafi na lissafi ne. Katikizim na yaran da iyayensu suka kawo ne, a lokacinsa da wurinsa. Malamin da ya gauraya biyun zai zubar da amanar da aka daɗe ana ginawa, kuma shi zai koma gida, makarantar ce za ta zauna da abin da ya ɓata.

Ki fara koyon gaisuwa da addu'ar Ubanmu da harshen Wolof, da shi ake waƙoƙin Mas da yawa a Banjul da kewaye. In ƙauye ne, ki tambayi harshen mutanen cocin, yana iya zama Manjago ko Jola. Hausa ba za ta kai ki nesa ba.

Anti Mai Jarrabawa:
Na yarda da Baba da Katikis, sai dai ni abin da ke karya masu sa-kai ba takarda ba ce, jadawali ne. Kalmar "taimakawa" ba ta da bakin iyaka. Kafin wata uku sai a ga mutum ɗaya yana da aji biyar, katikizim ranar Asabar, mawaƙa, matasa ranar Lahadi, ga duba ɗakin kwana. Ƙanwata, ki nemi yarjejeniya mai shafi ɗaya: darussa nawa a mako (ni ba zan shawarci sabon zuwa ya wuce 20 zuwa 24 ba), awa nawa na coci, wace rana ce hutunki cikakke, kuma wa ke ba ki umarni in shugaban makaranta da Fada suka buƙace ki lokaci ɗaya. Ki tambaya ko makarantar na yin zubi biyu, safe da yamma, domin hakan kaɗai yana ninka gajiya.

Manhaja ba za ta ba ki wuya ba. Aji 10 zuwa 12 WASSCE suke rubutawa kamar mu, amma ki duba manhajar WAEC da kyau, akwai batutuwan da aka ware wa wasu ƙasashe. Aji 7 zuwa 9 kuma GABECE ce a gabansu, wato jarrabawar ƙasa ta ƙarshen aji 9. Ki canza misalanki daga naira zuwa dalasi tun ranar farko.

Kada ki doki yaro. Kada ki keɓe da yaro a ɗaki ƙofa rufe, kada ki riƙa hira da ɗalibi ta WhatsApp ke da shi. Ki nemi a nuna miki dokar kare yara ta makarantar da sunan wanda ake kai wa ƙara, ki sa hannu.

Malamar Lissafi:
Na gode ƙwarai. Anti, batun rashin lafiya da kuɗin dawowa fa?

Anti Mai Jarrabawa:
Inshorar lafiyarki ta gida ba ta aiki a can, sai a rubuta asibitin da za a kai ki da mai biya. Za ki sauka a ƙarshen damina, lokacin da sauro ya fi yawa, ki tafi da gidan sauro. Tikitin dawowa ya kasance a hannunki ko kuɗinsa a ajiye da dala, fasfonki kuma kada ya kwana a ofishin kowa.