Gwajin alaji ga kare mai yawan susa: a fara da shi ko a dakata?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum. Ina da karen gadi, jinsin Jamus, ɗan shekara biyu, wanda ya shafe wata bakwai yana lasar tafin ƙafafunsa na gaba yana susar kunne da hammata har gashin wurin ya zube. Duk lokacin da aka ba shi furedinisolon, wani maganin rage kumburi da ƙaiƙayi, sai ƙaiƙayin ya lafa, da an daina kuma sai ya dawo. A wani asibitin dabbobi an ce in biya kuɗi masu yawa a aika jininsa ƙasar waje domin gwajin alaji, wato gwajin gano abubuwan da jikinsa ba ya jituwa da su. Shin wannan gwaji zai bayyana mini ciwon da ke damunsa?

Likitan Dabbobi 84: Wa alaikumus salam, Malam. Gwajin ba ya tabbatar da cewa kare yana da alajin fata, domin ana samun lafiyayyun karnuka da sakamakonsu ke nuna alamar alaji alhali ba su taɓa susa ba. Likita yana gane ciwon ne daga tarihin karen da wuraren da abin ya kama, bayan ya kawar da sauran dalilai, wato ƙuma, ƙazuwa, da ƙwayoyin cuta masu hawa fatar da susa ta raunana. Shekarun karenka, da kamuwar ƙafafun gaba da kunnuwa, da yadda maganin ke kwantar da ƙaiƙayin, duk sun yi kama da alaji, amma ƙazuwa tana rikita mutum ƙwarai, har takan sa gwajin ya nuna alajin ƙwarin ƙurar ɗaki bisa kuskure.

Amfanin gwajin shi ne zaɓen abubuwan da za a haɗa a allurar da ke sabar wa garkuwar jiki da su sannu a hankali. Gwajin iri biyu ne. A na fata, ana kwantar da karen da magani, a aske gefen ƙirjinsa, a sa abubuwan da ake zargi a cikin fata da allura ɗaya bayan ɗaya tare da histamin (sinadarin da ke jawo kumburin alaji) da ruwan gishiri domin kwatance, sannan a duba kumburin bayan minti 15 zuwa 20. A na jini kuwa, ana auna sinadarin garkuwa mai suna IgE. Idan ba ka da niyyar yin allurar sabar wa garkuwar jikin, wadda akan jira har shekara guda kafin a yanke hukunci a kan aikinta, kuma ba kowane kare take yi wa amfani ba, to ban ga dalilin kashe kuɗin ba.

Hajiya Mai Kiwo: Ni dai tawa karyar, abinci ne ya zama sanadin susarta. Na ɓata kuɗi a gwajin gashi da miyau da na gani a intanet, ya jero mini kusan duk abin da take ci, kuma likita ya ce ba abin dogaro ba ne. Abin da ya yi aiki shi ne sati takwas tana cin naman da ba ta taɓa ci ba da dankali kawai, ba ragowar tuwo, ba ƙashi daga hannun yara, wanda shi ne ya fi wahalar hanawa. Susar ta ragu, da aka mayar mata da kaza kuma ta dawo cikin 'yan kwanaki.

Likitan Dabbobi 84: Hajiya ta faɗi daidai, ko gwajin jini ma ba a dogara da shi wajen alajin abinci. Malam, idan daga baya aka kai ga gwajin, ka tambayi jerin abubuwan da za a auna, saboda ɗakunan gwajin Turai da Amurka sun tsara nasu ne bisa ciyayi da itatuwan can. Kafin gwajin fata kuma ana dakatar da furedinisolon na sha kimanin sati biyu, magungunan alaji irin su Piriton kuma sati ɗaya, in ba haka ba kumburin yana iya ƙin fitowa.

Abban Sadiq: Na gode, Likita, na gode, Hajiya. Gaskiya ba a taɓa kankarar fatarsa an duba ƙazuwa ba, maganin ƙuma ma rabonsa da shi tun farkon damina. Ranar Asabar zan kai shi a fara da wannan.